Kuɗin shara a kasuwa: mu ke biya, mu kuma ake ci tara

Mai Shago, Wunti: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana doka da ke cikinmu, kuma don Allah kada a mayar da ita siyasa. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin shara duk wata, ga rasit a hannunsa, amma motar kwasa ba ta zuwa sai ta ga dama, idan shara ta taru a ƙofar shagonsa laifin wa ne? A layinmu a nan Bauchi an ci mutane tara makon jiya, har da ni. Kwatar da ke gabanmu daga sama take gangarowa, duk abin da aka watsa can, nan yake zuwa ya tsaya. Ni sabulu da taliya da man gyaɗa nake sayarwa, amma abin da aka tsamo daga kwatar ɓawon rake ne da ledar fiyawata da famfas ɗin yara. Na ce wa yaron da ke rubuta takarda, ɗana, dubi kayan shagona ka dubi abin da ke cikin kwatar nan. Ya ce shi dai gaban shagona ya gani.

Maman Ummi Mai Abinci: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Mu a Yelwa ai mun saba. Ni kashi uku nake biya: na masu zuwa da takarda, na yaron baro da ke kwashe min kullum da yamma, sai kuma tara in an ga dama. A cikin ukun nan yaron baron ne kaɗai nake ganin aikinsa.

Baban Sadik: An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Barista: Alhaji sannu da haƙuri. Bari in fara da wanda doka ta ɗora wa aikin, don nan ne tushen rikicin. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sanya kwashe shara da kula da banɗakunan jama'a da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace kuwa kusan kowace jiha ta kafa tata hukumar, mu muna da BASEPA, Gombe suna da GOSEPA, Kano suna da REMASAB, Legas LAWMA. A sama kuma ga NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsafta da shara a 2009. Wato hawa uku ne a kan bola guda. Kowane hawa yana iya nuna maka takardar da ta ba shi iko, amma in ka tambayi wa zai turo mota, sai kowa ya nuna ɗan'uwansa.

A kan tambayarka kai tsaye: ƙa'idar ta ɗora wa mai wuri tanadar kwandon shara da kula da tsaftar gabansa da magudanar da ke jikin wurinsa. Ba ta tambayar wa ya zubar. Don haka in aka kai ka kotun tafi-da-gidanka, cewa "ba ni na zuba ba" ba ta cika fitar da mutum. Rasit ɗinka kuwa hujja ce ta wani abu dabam: ka biya kuɗin aiki, ba a yi maka aikin ba. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, amma sai an rubuta shi, kuma ya fi nauyi idan ƙungiyar kasuwa ce ta sa hannu, ba mutum ɗaya ba.

Mai Shago, Wunti: To Barista, ashe doka ta san inda shagona yake ranar tara, ba ta san shi ba ranar kwasa.

Barista: Ban musa ba Alhaji. Mai shago yana da ƙofa, yana da lamba, gobe ma nan za a same shi. Wanda ya sha rake ya wuce ba shi da adireshi.

Tsohon Duba-gari: Ku yi haƙuri 'ya'yana, zan ɗan saɓa muku. Na yi aikin nan tun ina saurayi har na ajiye. A zamaninmu in aka ce duba-gari na zuwa, mace za ta wanke randa ta share tsakar gida tun asuba, mahauci zai rufe namansa. Ba tara ce ta sa ake jin tsoronmu ba, kunya ce, kuma mai unguwa yana bayanmu. Kafin mu rubuta wa mutum sammaci sai mun ba shi takardar gargaɗi, mu sa masa kwanaki ya gyara, mu dawo mu duba. Wanda ya gyara shi ke nan. Yanzu abin da nake ji an tsallake gargaɗin an tafi kai tsaye ga aljihu. Wannan ba daidai ba ne.

Amma ku ma 'yan kasuwa ku ji tsoron Allah. Ina wucewa ta kasuwa da magariba ina ganin yaran shago suna share ƙofa suna tura sharar cikin kwata da tsintsiya, a gaban iyayen gidansu. Wani ma ya ɗora tebur a kan kwatar ya rufe ta da katako, ba mai iya yashewa. Sannan ruwan Agusta ya zo ya shiga shaguna a ce gwamnati.

Maman Ummi Mai Abinci: Baba gaskiya ka faɗa, akwai masu yi. Amma wanda ya tara tasa a buhu ina zai kai? Jujin da ke kusa da mu an ce an hana zubawa, ba a nuna mana wani ba.

Tsohon Duba-gari: Nan kam kin kama ni 'yata. Ba a hana mutum wuri sai an nuna masa wani.

Malama Nas: Ni abin da nake so a tuna, wannan magana ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A annobar kwalara ta 2021 jihar Bauchi ce ta fi kowace jiha a ƙasar nan yawan waɗanda aka yi zargin sun kamu, sama da mutum 19,000. Wanda ya yi aikin asibiti a damunar nan ba zai manta ba. Kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, masai ya cika ya haɗu da rijiya, mai abinci ta ɗebi ruwan ta wanke kwano. Ga kuma zazzaɓin Lassa, kusan duk shekara Bauchi na cikin jihohin da ke gaba tare da Ondo da Edo, kuma ɓera ne ke yaɗa shi. Ɓera kuwa bola ce gidansa, rumbun hatsi da shagon kayan masarufi ne wurin cin abincinsa. Don haka in an ce mai abinci ta rufe shararta ta yi gwajin lafiya, ban ga zalunci a ciki ba. Zaluncin shi ne a karɓi kuɗi a bar bolar.

Ɗan Kwangilar Shara: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina shiru, amma tunda mu ake zagi bari in ce wani abu. Ba ni ke kwasar layin Alhaji ba, kada a tare ni a hanya. Ina da tifa ɗaya tsohuwa da kura-kurai da yara masu turawa.

Abin da mutane ba su sani ba, sharar garin nan nauyi gare ta. Ku buɗe buhun shara na kowane gida ku gani: yawancinsa ƙasa ce da toka, domin tsakar gidajenmu ba siminti, kuma da itace da gawayi ake girki. Motocin matse shara da ake sayowa daga Turai an yi su ne don takarda da kwali da ragowar abinci. In ka loda musu yashi wata nawa za su yi? Shi ya sa za ka gan su a fake. Mu da shebur muke lodi, mutum huɗu su yi awanni kafin tifa ta cika. Hanyar juji kuwa ƙusa ce da fasasshiyar kwalba, taya ba ta kwana biyu. Ga man gas. Ga yaran da ke taka allura da reza ba takalmin kirki.

Sannan a cikin shaguna goma da na yi yarjejeniya da su, in ƙarshen wata ya yi, wasu su ce mai gida ya tafi Kano saro kaya, wasu su ce ai ba su tara komai ba. Wanda ya biya shi ke ɗaukar nauyin wanda bai biya ba, in kuɗin bai kai na mai ba motar ta kwana. Ba mugunta ba ce.

Baban Sadik: To ai ka ga inda gizo ke saƙar. Kai ba a biya ka ba, Alhaji kuma ya biya. Kuɗin a tsakani ina suka maƙale?

Ɗan Kwangilar Shara: Wannan kuma ka tambayi masu rasit, Yaya. Ni wanda ya ba ni hannu da hannu shi na sani.

Admin: Jama'a a kiyaye, ban da kama sunan kowa ko wani ofis. Mu tsaya a kan batu.

Mahauci: Ni ledar nan ce damuwata. Duk wanda ke fawa ya sani. Ka sayi saniya a kara, ka ga cikinta ƙato ka ɗauka ƙoshi ne, a yanka a farke tumbi sai ka ga dunƙulen leda baƙa da fara sun murɗe da igiya da tsumma, sun yi tauri sai ka sa hannu biyu ka ɗaga. Dabbar ta daɗe ba ta iya cin kirki, naman duk ya zube. Asarar a kaina take, ba a kan wanda ya yi ledar ba. Tumakin cikin gari sun fi shiga wannan hali, tunda a bola suke kiwo. Masu fiyawata ku ji da kyau.

Mai Fiyawata: Na san za a zo kaina. Ranka ya daɗe sarkin fawa, naman da kake sayarwa a cikin me kake ƙulla wa mutane? A ganye?

Mahauci: A leda mana. Amma ni ban buga sunana a jikinta ba.

Mai Fiyawata: To ka ga matsalarmu ke nan, mu sunanmu da lambarmu ta NAFDAC suna jiki, don haka kowa mu yake gani. Bari in faɗa muku yadda sana'ar take. Ledar da muke ɗura ruwa a nannaɗe muke sayenta, da kilo, kuma farashinta dala yake bi, tunda sinadarin robar yawanci daga waje ake kawowa. Ga man janareta, ga tace ruwa, ga sabunta rajista, ga masu zuwa duba wuri daga ofis fiye da ɗaya, kowa da takardarsa. Ribar jaka ɗaya ba ta kai abin da kuke zato ba. In aka ƙara mana wani harajin leda, wallahi a kan mai saye zai sauka. Kuma ku tambayi kanku me ya sa fiyawata ta cika gari. Da famfo na kawo ruwan da mutum zai sha hankali kwance, wa zai saya?

Ni ledar da ta lalace a injina ba na zubarwa, tarawa nake a buhu ana zuwa ana saye. Wadda ta fita gari ce ba ni da iko da ita.

Barista: A nan ne nake ganin dokar ta fi rauni. Akwai tsarin da NESREA ta ɗauko wanda ke cewa wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da su, shi ke da alhakin kwandonsu da ledarsu har bayan an gama amfani da su. A kan haka ne manyan kamfanonin lemo da abinci suka haɗu suka kafa wata ƙungiya mai suna FBRA a 2018 don tattara robobi. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. A takarda abin ya yi kyau: kamfani ya sa kuɗi, a biya masu tsinta, a narka a sake amfani. Amma ku duba, kayansu na kowane shago daga Wunti har Azare da Misau, wuraren karɓar robar kuwa sun fi yawa a Legas da Abuja. Ƙaramin mai fiyawata ba shi nake nufi ba. Ina nufin wanda tirelarsa ke sauke katan dubbai a garin nan duk mako, ta koma ba ta ɗauki ko gora ɗaya ba.

Tarihin dokokinmu ma haka yake, sai an ƙone ake neman ruwa. A 1988 aka gano an jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Sai a lokacin gwamnatin Babangida ta yi dokar sharar guba mai hukuncin ɗaurin rai-da-rai, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. Wato dokar ta fara ne da nufin manyan masu laifi. Yau kuwa wanda ya fi jin zafinta mai shayi ne.

Maman Ummi Mai Abinci: Barista, wai gaskiya ne za a hana robar tekawe? Ana ta faɗa a kasuwa.

Barista: Hajiya, a Legas ne aka hana farar robar nan mai kama da soso tun Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 suka fara kama masu sayar da sauran robobin da ake amfani da su sau ɗaya, irin su tsinken shan lemo da cokalin roba da leda marar kauri. Ledar fiyawata da gorar ruwa ba sa cikin haramcin nasu. Gwamnatin tarayya ma a 2024 ta ce a daina amfani da irin waɗannan robobi a ma'aikatunta. Dokar Legas ba ta aiki a Bauchi. Sai dai abin da aka hana a can, masu shi ba za su zubar ba, arewa za su turo shi.

Maman Ummi Mai Abinci: Ni dai in za a hana a ba mu lokaci. Rabin cinikina 'yan makaranta ne da ma'aikata masu cewa a zuba musu su tafi. Da can kowa da kwanonsa ko langa yake zuwa, masa ma a faranti ake kai wa mutum ko a kwanon gida. Yanzu ka ce wa ɗalibi ya zo da kwano sai ya wuce gaba. Mai kauri da ake wankewa kuwa kuɗinta ya ninka, in na ɗora a kan shinkafa da wake wa zai saya?

Ɗalibin ATBU: Mama ai Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017 da tara mai tsanani har da ɗauri, kuma ba su mutu da yunwa ba. Kigali yanzu ana misali da ita a tsafta. Mu ne dai ba ma son canji.

Baban Sadik: Ɗan samari, a Kigali motar shara na zuwa. Fara kawo mana wannan tukuna.

Ɗalibin ATBU: Haka ne Baba, amma ko motar ta zo baƙar leda ba ta ruɓewa. Juji kawai za ta koma iska ta dawo mana da ita.

Ɗan Jari Bola: Salam iyayena. Ni ban yi boko mai nisa ba amma a bola nake cin abinci, ina da wurin awo da yara masu kawo min kaya. Abin da ke da kuɗi ba ya kwana a ƙasa. Ƙarfe, jan ƙarfe, alminiyam, gwangwanin lemo, gorar ruwa, fasasshen bokiti, tsohon silifa, kwali, duk muna saye da kilo. Roba mu ware ta kala-kala, a niƙa a injin, a wanke, a shanya, a loda zuwa Kano inda ake narkawa a yi buta da bokiti da baho. Ledar fiyawata ma ana saye in ta bushe ba ƙasa a jiki, sai dai ba ta da nauyi, yaro zai yini yana tsinta kafin ya haɗa abin kirki. Abin da kuke gani ya rage a kwata shi ne wanda ba mai saye: baƙar leda, tekawe, famfas, ledar biskit da ta taliya mai ƙyalli.

Mu ba wanda ke biyanmu kuɗin shara, amma mu ke rage ta. Duk da haka in an tashi doka mu ake fara kora. A Borno gwamna Zulum ya hana sana'ar gwangwan a 2023, a Abuja ma an hana 'yan bola yawo cikin gari a 2024. Na san dalilin Borno tsaro ne, ana kashe yara a daji. Na kuma san akwai ɓata-gari a cikinmu masu cire wayar wuta da murfin kwalbati. Amma a yi mana rajista mana, a ba yaro kati da riga, a kama dilan da ya sayi kayan sata. In aka hana gaba ɗaya, yaran nan ina za su?

Mai Shago, Wunti: Ƙanena, maganarka ta shige ni. Amma yaranku ma in sun zo sai su zazzage buhun da mutum ya ɗaure, su ɗauki gora biyu su bar sauran a watse.

Ɗan Jari Bola: Gaskiya ne Alhaji, muna faɗa musu. In da za ku riƙa ware gora da kwali a gefe guda ba sai sun buɗe buhu ba. Kwalin da kuke ƙonawa da yamma ma kuɗi ne.

Na Jekadafari: Gaisuwa daga Gombe, iyayen gidanmu na da. Mu tun da muka rabu da ku a 1996 muke gaba, shara ce kawai muka riƙe don zumunci.

Baban Sadik: Ka ji Bafulatani. Ku fara cike kwarurukanku tukuna.

Na Jekadafari: Ai kwarin ne ya kawo ni. Mu a nan shara da zaizayar ƙasa tare suke tafiya. Garin a gangare yake, ƙasar yashi ce. Mutane na zuba shara a kwari da sunan wai suna tare shi, ruwa ya zo ya kwashe ta ya toshe kwalbati a ƙasa, sai ya fasa ta gefe ya ci gidaje. Ana kashe maƙudan kuɗi a gina magudana da siminti, damina biyu ta cika da leda. Bishiyoyin da ake dasawa a shirin 3G na gwamnatin jiharmu tun 2019 suna taimakawa, amma bishiya ba ta tsince leda.

Ni injin casar shinkafa nake da shi. Da can ɓuntu bala'i ne a gare mu, tudu guda a bayan injin, in ka sa wuta ya yi mako yana hayaƙi maƙwabta na kai ƙara. Ana matsa mana a kan hayaƙin, kuma da gaskiyarsu. Yanzu masu kaji na saye su shimfiɗa, masu gidan burodi da masu dafa shinkafa suna hura wuta da shi, manoma na ɗiba. Ba doka ce ta kwashe shi ba, mai saye ne ya samu.

Manomi, hanyar Dass: Haka takin bola. Iyayenmu da jakai suke ɗibar shara daga gari zuwa gona, mu muna sayen tifa da rani. Yanzu da takin zamani ya yi tsada kowa na nema. Amma in an sauke maka sai ka ɗauki yara su yini suna tsince leda da kwalba da batir, duk da haka in ka yi huɗa garma na tono leda. Da a ce masu kayan gwari na Muda Lawal da mahauta za su riƙa ware nasu dabam, ruɓaɓɓen tumatir da ganye da kashin tumbi, wallahi da kuɗi za mu saya, ba sai sun biya an kwashe ba.

Mai Kayan Gwari: Muna so Malam, amma wurin ajiyewa fa? Ruɓaɓɓen tumatir ba ya jiran gobe. In motarka za ta zo kullum da la'asar, mu yi magana ta gefe.

Tunda na samu baki, a taɓa batun Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga don tsaftar gari. Mota ta taso da kaya cikin dare, ta iso da asuba, a tsare ta a bakin gari har hantsi, tumatir da alayyafo na dahuwa a rana. Mai koko da ƙosai da mai masa kuwa cinikinsu na safe ne, ranar ta tafi. Kuma sharar da aka fito da ita daga kwata a jibge a bakin titi, in ba a kwashe ba kwana uku ta koma inda ta fito.

Tsohon Duba-gari: Wannan tsari daga zamanin yaƙi da rashin ɗa'a ya samo asali, lokacin Buhari da Idiagbon, tsakanin 1984 da 1985. A lokacin da bulala aka yi shi. Ni ina goyon bayansa har gobe, don in ba a tsayar da mutanenmu ba ba za su taɓa tsintsiya ba.

Barista: Baba a gafarce ni, a nan mun rabu. A Legas kotu ta ce hana mutane zirga-zirga saboda shara ba shi da madogara a doka, kuma a 2016 gwamnatin jihar ta soke tsarin wata-wata ɗin. Shara kullum ake yinta, ba a tara ta sai ƙarshen wata. Aƙalla dai a ware motocin kayan gwari da masu abincin safe.

Tsohon Duba-gari: Ku lauyoyi komai kotu. To Allah ya sa mu ga alheri.

Mai Shago, Wunti: To jama'a, kada mu watse ba mu riƙe komai ba. Ni shawarata, kuɗin shara ya daina zama kai-ɗaya. Mai gyaran agogo da sharar wata ba ta cika leda ba, da mai sayar da rake ko mai kaji, a ce kuɗinsu ɗaya? A riƙa biya da buhu ko da durom. Kuma ƙungiyar layi ta tara kuɗin a hannunta, sai an kwashe a biya.

Ɗan Kwangilar Shara: Rabi na biyun na yarda da shi ɗari bisa ɗari, in dai za a biya ni a ranar. Na farkon kuwa akwai tarko Alhaji. Ranar da aka ce buhu kaza kuɗi kaza, ranar za ka ga kowa ya zama ba shi da shara, da dare kuma kwata ta cika. Na gwada a wata unguwa. Gara a kasa shaguna gida uku, ƙanana da matsakaita da masu yawan shara, kowane rukuni da kuɗinsa tsayayye. Mutum ya san ko ya ɓoye ko bai ɓoye ba zai biya, sai ya fito da ita.

Barista: Wannan ya fi kama hankali. Amma ku sani, yarjejeniyarku da ɗan kwangila ba ta soke kuɗin hukuma, sai hukumar ta amince a rubuce cewa wannan ya maye gurbin wancan, in ba haka ba biyu za ku riƙa biya kamar Hajiya. Kuma ku tabbatar wanda za ku ɗauka yana da izinin kwasa da wurin da aka yarda ya zubar. In yaron baro ya karɓi kuɗinku ya juye a bayan makaranta, aka bi sawu, ku za a dawo wa. A takardar ku nemi abu uku: rasit guda daga ofis guda, ranakun zuwan mota a rubuce, da gargaɗi kafin tara. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, kuna da bakin tambayar shugaban ƙaramar hukuma nasa kason aikin, don haka a ba shi kwafi. Zan rubuta muku ba ko sisi.

Maman Ummi Mai Abinci: Allah ya saka Barista. Amma kuɗin nan a hannun wa za su zauna? Kada a tara a ce ma'aji ya tafi Umara.

Admin: Hajiya kin fara. A buɗe asusu da sa hannun mutum uku, a sa mace ɗaya a ciki. Masu son shiga su turo min sunan layinsu ta gefe kafin Alhamis.

Ɗan Kwangilar Shara: Sharaɗi ɗaya nake da shi kafin kowa ya kira ni. Layukan da masu tebur suka cinye hanya, ko kura ba ta shiga balle tifa. Sai an matsa da teburan nan baya taku biyu, an kuma ɗage katakon da ke kan kwata.

Mai Tebur: Taku biyu zuwa ina Malam? Bayana bangon shagon Alhaji ne, kuma shi nake biya kuɗin wurin.

Baban Sadik: Alhaji, ana magana.

Mai Shago, Wunti: Ina ji. A bar wannan sai mun haɗu ranar Alhamis.